An bar jaki ana dukan taiki: Shafukan intanet da tsofaffin wayoyin mutanen karkara

Akwai wata amsa da ta zama ruwan dare a bakin ma'aikatan ofisoshi da masu shagunan intanet, duk lokacin da wani ya kawo kukan cewa shafi ya ƙi buɗuwa a wayarsa: "Ai wayar taka ce ta tsufa, sai ka sake wata." An yi ta maimaita wannan magana har shi kansa mai wayar ya amince laifinsa ne, ya mayar da ita aljihu cikin jin kunya, kamar wanda aka kama da tsumma a gidan biki. Ni kuwa a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Mafi yawan lokuta aibin na ginin shafin ne, kuma aibi ne da masana suka san maganinsa shekaru fiye da ashirin da suka wuce.

Zan kafa misalina da ƙasar da na fito, wato Wurno da maƙwabtanta Rabah da Goronyo a gabashin Jihar Sakkwato. Yanki ne na shinkafa da albasa da tafarnuwa, wanda ke shan ruwan Gulbin Rima da madatsar Goronyo. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a nan ya rasu a 1837, a Rabah kuma aka haifi Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. Ƙasa ce da ta san darajar takarda da alƙalami tun kafin zuwan Turawa. Amma a yau takardar ta koma cikin waya, wayar da ke hannun yawancin jama'a kuwa ta kwana biyu.

Ƙofar ofis ta koma cikin waya

A cikin shekaru goman da suka wuce, kusan duk wata ƙofa da matashi zai bi ya ci gaba ta koma kan intanet. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, daga 2021 kuma ta wajabta lambar zama ɗan ƙasa ta NIN kafin rajista. A watan Yunin 2021 hukumar zaɓe ta INEC ta buɗe shafin fara rajistar masu zaɓe daga gida. A watan Mayun 2024 asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara karɓar buƙatu, shi ma ta shafinsa. Haka zancen yake ga neman aikin soja da na ɗan sanda, da tallafin karatu, da biyan kuɗin makaranta, da duba sakamakon jarrabawa.

Ba na ƙin wannan sauyi, domin ya rage dogon layi, ya kuma rage wa talaka neman alfarma. Sai dai duk hukumar da ta rufe tagar karɓar takarda ta ce a bi ta intanet, to shafinta ya zama ƙofar ofishinta. Idan kuwa aka yi wa ofishin gwamnati ƙofar da sai mai sabuwar riga ke iya shiga, ba za mu ce laifin mai tsohuwar riga ba ne.

Wayoyin da ke hannun mutanenmu sanannu ne. Akwai ƙananan wayoyi masu madannai, akwai samfurin Itel da Tecno masu sauƙin kuɗi, akwai kuma na hannu waɗanda suka bi ta hannun mutum biyu ko uku kafin su iso ƙauye. Sau da yawa wayar da yaya ya gaji da ita a birni ita ce sabuwar wayar ƙanensa a gida. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yunin 2023 farashin waya ya yi tashin gwauron zabi, a watan Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Manomin da ke lissafin taki da man injin ban ruwa ba zai sayar da buhunan albasa don cike fom guda ba.

Na ga abin da idona a bara, lokacin da ɗan ƙanwata ke neman wani tallafin karatu, ana sauran kwana biyu a rufe. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Kawu, na cike komai, amma wurin da zan danna in tura ya ɓace." Da na duba, sai na tarar rubutu ya hau kan rubutu, akwatin suna ya shige ƙarƙashin hoton shugaban hukumar, madannin turawa kuwa ya zame can gefen dama, inda fuskar wayar ba ta kaiwa. Washegari sai da ya shiga mota zuwa Sakkwato, ya biya kuɗin zuwa da dawowa, ya biya mai shago, ya kuma miƙa lambar NIN ɗinsa da kalmarsa ta sirri ga mutumin da bai taɓa gani ba. Duk wannan saboda madanni guda. Wanda ya san halin da hanyoyin gabashin Sakkwato suka shiga a 'yan shekarun nan saboda 'yan bindiga, ya san cewa tilasta wa yaro tafiyar da babu dalili ba ƙaramin abu ba ne.

Me ke wargaza shafi?

Manhajar da ke buɗe shafukan intanet, irin su Chrome da Opera Mini da Firefox, ita ake kira burauza. Shafi ba hoto ba ne da ake aiko wa waya a kammale. Umarni ne ake aikowa, burauza ta karanta ta gina shafin a fuskar wayar. Umarnin kuwa kashi uku ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin ginin soro zai gane su. Na farko shi ne HTML, wanda ke ɗauke da rubutu da akwatunan fom, tamkar tubali da azara. Na biyu shi ne CSS, mai tsara inda kowane abu zai zauna da launinsa da girmansa, tamkar yaɓe da zanen bango. Na uku shi ne JavaScript, mai sa shafi motsi da amsawa, tamkar wayoyin lantarki da aka ja wa gida daga baya.

Waɗannan harsuna suna samun sababbin kalmomi kusan kowace shekara. Alal misali, tsarin jera shafi da ake kira Grid, wanda magina da yawa suka dogara da shi a yau, sai a watan Maris na 2017 manyan burauzoji suka fara gane shi. Burauzar da ta girmi wannan lokaci, idan ta ci karo da umarnin CSS da ba ta sani ba, tsallake shi take yi ta wuce. Idan maginin ya tanadi tsohon umarni a madadinsa, shafin zai fito a jere, sai dai babu ado. Idan bai tanada ba, nan ne rubutu ke hawa kan rubutu. Shi kuwa JavaScript ba shi da wannan haƙuri. Kalma ɗaya da burauza ba ta gane ba tana iya tsayar da aikinsa baki ɗaya, kuma da yake yayin da ake yi yanzu shi ne a ɗora dukkan shafi a kansa, sakamakon shi ne farin allo fayau, babu ko harafi.

Mai karatu zai ce, to me zai hana a sabunta burauzar? Amsar ita ce sau da yawa ƙofar a rufe take. Kamfanin Google ya daina fitar da sabon Chrome ga wayoyin da ke kan Android 5 da 6 da 7 ɗaya bayan ɗaya, kamfanonin da ke ƙera wayoyi masu araha kuma ba kasafai suke aiko da sabon Android ba bayan an sayi waya. Don haka wayar na nan lafiya lau, tana kira, tana ɗaukar hoto, amma burauzarta ta tsaya cak a shekarar da aka yaye ta.

Ita ma Opera Mini, wadda ta fito a 2005 ta kuma samu karɓuwa a Najeriya saboda tattalin data, tana da nata hali. A matakinta na tsananin tattali, ba wayar ce ke buɗe shafin ba. Manyan kwamfutocin kamfanin ne ke buɗe shi, su matse shi, sannan su aiko wa waya. Ta haka ake rage data ƙwarai, amma yawancin motsin JavaScript da haruffan ado ba sa tsallakowa. Maginin da bai taɓa gwada shafinsa a wannan yanayi ba, bai san yadda ɗimbin 'yan ƙasarsa ke ganin aikinsa ba.

Akwai kuma matsalar takardar shaidar tsaro, wadda shafi ke nuna wa waya don tabbatar da cewa ba na bogi ba ne. Wata cibiya mai suna Let's Encrypt ce ke bai wa miliyoyin shafuka wannan shaida kyauta. Wayoyin da ba su kai Android 7.1.1 ba, wanda ya fito a ƙarshen 2016, ba su san hatiminta ba, dabarar wucin gadin da aka yi musu kuma ta ƙare a 2024. Shi ya sa wasu tsofaffin wayoyi ke nuna gargaɗin haɗari a kan shafukan da babu abin da ya same su.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Mu masu karatu da Hausa muna da ƙarin namu ciwon. Tun shekarun 1930 aka shigar da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, cikin rubutun boko, kuma tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya san da su tun farkon shekarun 1990. Duk da haka har gobe akan buɗe shafin Hausa a tarar da ɗan akwati ko alamar tambaya a gurbinsu. Ita ma alamar Naira takan gamu da wannan ƙaddara. Dalili shi ne an zaɓi samfurin haruffan da ba ya ɗauke da su, ko kuma ba a sanar da burauza cewa da tsarin UTF-8 aka rubuta shafin ba.

Maimakon a gyara, sai marubuta da yawa suka haƙura suka watsar da lanƙwasar. Ta haka ƙasa ta koma kasa, ƙishi ya koma kishi, baƙi ya koma baki. Babba zai gane daga ma'anar jimla, amma yaron da ke koyon karatu yana tasowa da rubutun da ba ya bambance sautukan harshensa. Gyaran kuwa layi ɗaya ne ko biyu a saman shafi, tare da zaɓen samfurin haruffa irin Noto, wanda Google ya samar kyauta musamman don kawar da waɗannan akwatuna.

Darasi daga tarihi

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. A 2001 kamfanin Microsoft ya fitar da burauzar Internet Explorer 6, wadda ta mamaye kwamfutocin duniya, ta kuma yi ƙaurin suna wajen karanta umarnin CSS a karkace. Kusan shekara goma maginan shafuka a Amurka da Turai suka yi suna rubuta mata faci na musamman, suna gwada kowane shafi a kanta kafin su sake shi, domin ita ce ke kan teburan bankuna da manyan kamfanoni da ofisoshin gwamnati. Ba wanda ya ce wa manajan banki ya je ya sake kwamfuta. A 2011 shi kansa Microsoft ya roƙi jama'a su rabu da ita, kuma bai yi wa zuriyar Internet Explorer ritaya ba sai ranar 15 ga Yuni, 2022.

Abin lura a nan shi ne, lokacin da tsohuwar burauza ke kan teburin mai kuɗi, an bi ta da lallashi. Yanzu da ta koma aljihun manomi, an ce ta zama matsalarsa.

Daga wancan zamani ne aka fito da hanyar da nake kira gini hawa-hawa, wadda wani masani mai suna Steven Champeon ya yaɗa a 2003. Ƙa'idarta mai sauƙi ce: a fara gina shafi da tubali zalla, yadda kowace waya za ta iya karanta shi ta kuma tura fom. Sannan a yi yaɓe ga burauzar da ta iya, a ja lantarki ga wadda za ta ɗauka. Mai babbar waya zai ga ado, mai ƙarama zai ga shafi marar ado, amma kowannensu zai biya buƙatarsa. A 2010 Ethan Marcotte ya ƙara da dabarar sa shafi ya riƙa miƙewa da tsukewa daidai da faɗin fuskar waya. Gwamnatin Birtaniya, wadda ta buɗe babban shafinta na GOV.UK a 2012, ta sanya gini hawa-hawa cikin ƙa'idojin da ake bi wajen gina shafukan hidimar jama'a. Idan ƙasar da ta fi mu sababbin wayoyi ta ga dacewar haka, ina ga mu? Shafin farko da Tim Berners-Lee ya wallafa a 1991, da tubali zalla aka yi shi, kuma har yau yana buɗuwa.

Hanzarin magina

Na san maginan shafuka suna da hanzari, kuma ba duka ne za a yi watsi da shi ba. Za su ce tsohuwar burauza tana da kafofin da ɓarayi ke bi, don haka barin ta ta taɓa kuɗi ko bayanan sirri ganganci ne. Wannan gaskiya ne, kuma ba na neman banki ya sassauta tsaronsa. Amma a rarrabe tsakanin aya da tsakuwa. Sanarwar ranar rufe rajista, da jerin takardun da ake buƙata, da sunayen waɗanda aka ɗauka, babu sirrin da ke cikinsu da zai hana su buɗuwa a kowace waya. Inda kuma dole ne a ƙi tsohuwar burauza, to a faɗa wa mutum a sarari, da Hausa, abin da ya faru da inda zai nufa, maimakon a bar shi da farin allo yana ta ƙona data.

Za su kuma ce gwaji a kan wayoyi da yawa na cin kuɗi da lokaci. Amsata ita ce kuɗin ba ya ɓacewa, komawa yake kan wanda bai da shi, a matsayin kuɗin mota da ladan mai shago da yinin aikin gona da aka rasa. Ban da haka, mun ga inda aka yi abin da ya dace a cikin gida. JAMB na bayar da lambar fara rajista da sakamakon jarrabawa ta saƙon tes zuwa 55019 ko 66019. Ana iya tuno lambar NIN ta danna *346# a kowace irin waya. Facebook ma, da ya ga inda kasuwarsa take, tun 2015 ya fitar da Facebook Lite don ƙananan wayoyi da raunin sabis. Abin da ɗan kasuwa ya yi don riba, bai kamata ya gagari hukuma ba.

Abin yi

Ga hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, da gwamnatocin jihohi, da jami'o'i da kwalejojinmu, shawarata ita ce a sanya sharaɗi a cikin kowace kwangilar gina shafi: ba za a biya kuɗin ƙarshe ba sai an cike fom ɗin daga farko har ƙarshe a kan waya mai araha da ta shekara biyar, da kuma Opera Mini, a wurin da sabis ke da rauni. Gwajin da aka yi a ofis mai sanyi a Abuja, a kan babbar kwamfuta, ba gwaji ba ne. A kawo shi kasuwar Goronyo ko tashar motar Wurno. A kuma tanadi hanya ta biyu, ta tes ko ta takarda, domin mutanen Rabah da Goronyo ba su manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda tsaro.

Ga ɗalibanmu masu koyon wannan sana'a a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato, da waɗanda ke cikin shirin horarwa na 3MTT, ku ne masu ɗaki, ku kuka san inda yake yoyo. Ku fara da tubali. Kada ku ƙayyade faɗin shafi da awon babbar kwamfuta. Ku rage nauyin hotuna, ku tanadi tsohon umarni a bayan kowane sabo, ku tabbatar fom na tafiya ko da JavaScript ya faɗi. Kafin ku miƙa aiki, ku ari wayar mahaifiyarku ku gwada.

Ga mai tsohuwar waya kuma, kafin ka shiga mota, ga abubuwan da za ka jarraba. Duba kwanan wata da agogon wayar, domin idan sun karkace, shafuka masu tsaro kan ƙi buɗuwa. Kwantar da wayar a kaikaice, ko ka zaɓi a nuna maka shafin irin na kwamfuta, sau da yawa madannin da ya ɓuya kan bayyana. Idan Opera Mini kake amfani da ita, kashe tsananin tattalin data. Idan gargaɗin tsaro ne ke fitowa, gwada wata burauzar kamar Firefox, wadda ke tafe da nata jerin hatiman. Kada ka sauke manhaja daga adireshin da aka turo maka ta WhatsApp. Idan kuma ya zama dole ka je shago, kada ka bar wa kowa lambobin sirrin bankinka, ka kuma canza kalmar sirrin da ka bayar da zarar ka fito.

Manoman rani na fadamar Wurno sun san cewa ba a yabon magudanar ruwa da gonar da ke bakin madatsa. Sai ruwa ya kai ga mai gonar ƙarshe ake cewa aiki ya yi. Da wannan ma'auni ya kamata a riƙa auna duk shafin da aka gina da kuɗin jama'a, kuma duk wanda ya kasa cika shi, a mayar wa ɗan kwangila ya gyara.